Abin da kafinta ya kamata ya sani kafin zuwa baje kolin kayan aikin katako

Kafintoci da masu sassaƙa kwale-kwale a Yelwa, Ngaski da Shanga sun fara waiwayar injinan zamani domin rage wahalar aikin hannu, kuma babu inda ake ganin waɗannan injina a wuri ɗaya kamar wajen baje koli. A cikin gida akwai baje kolin duniya na Kaduna da ake yi a Rigachikun, da na Legas da ake gudanarwa a watan Nuwamba a Dandalin Tafawa Balewa. A ƙetare kuwa akwai LIGNA a birnin Hanoba na Jamus, wanda ake yi duk bayan shekara biyu, da WoodShow na Dubai da ake yi kowace shekara. Sai dai wanda ya je karon farko ba tare da shiri ba yana iya dawowa da injin da ba zai yi masa aikin kwana ɗaya ba.

Mataki na farko shi ne ka rubuta matsalar shagonka tun kana gida. Shin tsaga katako ne ke cin lokacinka, ko gogewa, ko haɗa gaɓoɓi? Da wannan takarda za ka zaɓi rumfunan da za ka ziyarta, domin manyan wuraren baje koli ba sa zagayuwa a yini guda. Ka ware ranar farko don kallo da tambaya kawai, ka bar ciniki sai rana ta biyu.

Na biyu, ka tambayi irin wutar da injin ke buƙata. Wutar Najeriya mai ƙarfin bolt 230 ce a kan zagaye 50, yayin da injinan da aka ƙera don kasuwar Amurka ke aiki da zagaye 60. Haka kuma yawancin manyan injina na buƙatar wuta mai layi uku, wadda ƙananan shaguna da dama ba su da ita. Zama kusa da madatsar ruwa ta Kainji ba ya ɗauke wa kafinta sayen janareto, saboda haka ka san ƙarfin naka, ka kuma tuna cewa inji yana jan wuta fiye da ƙima a lokacin tashinsa.

Na uku, idan baje kolin na cikin gida ne, ka tafi da guntun katakon da kake aiki da shi. Masu talla kan gwada injinansu da katako mai laushi, alhali maɗaci da maɗobiya da ake sarrafawa a yankinmu masu tauri ne. Mai sassaƙa kwale-kwale kuma ya tabbatar cewa gam da falankin da aka nuna masa na jure ruwa ne, domin rayukan fasinjoji na rataye a kansu.

Na huɗu, farashin da aka rubuta a jikin inji ba shi ne kuɗinsa ba. Kayan da aka shigo da su daga waje na buƙatar Fom M ta hannun banki da takardar shaidar SONCAP, ga kuɗin jirgin ruwa, harajin kwastan da kuɗin mota daga Legas zuwa Yauri. Ka tambaya ko kamfanin yana da wakili a Legas, Kano ko Kaduna, da inda za ka samu haƙoran zarto da sauran kayan gyara.

A ƙarshe, kada rangwamen ranar rufewa ya sa ka biya kafin alƙalami. Ka karɓi farashi a rubuce, ka nemi a haɗa ka da wani da ke amfani da injin a Najeriya, ka ziyarce shi ka gani da idonka. Idan kuɗin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ƙungiyar kafintoci na iya tura wakilai biyu, su dawo da bayani, sannan a sayi inji guda na haɗin gwiwa.