Ina Ruwan Rijiya Yake Fitowa?

Mutane da yawa suna zaton akwai wani kogi ko tafki a ƙarƙashin ƙasa wanda mai haƙa rijiya yake tararwa. Ina so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu yadda abin yake, gwargwadon abin da na koya a darasin labarin ƙasa.

Ka cika kwano da yashi, ka zuba masa ruwa. Za ka ga ruwan ya ɓace, alhali yana nan maƙale a tsakanin ƙwayoyin yashin. To, haka ruwan sama yake nutsewa da damina, ya taru cikin yashi da tsakuwa da tsagar duwatsu. Shimfiɗar da take riƙe ruwa, ta kuma sake shi idan an haƙa, ita zan kira rumbun ruwa. Yumɓu kuwa yana shan ruwa ƙwarai, amma ƙofofinsa ƙanana ne ainun, don haka ba ya barin ruwa ya wuce.

Rumbun nan iri biyu ne. Na farko buɗaɗɗe ne, watau babu abin da ya tare shi daga sama. Daga gare shi rijiyoyin gidajenmu suke sha, shi ya sa ruwansu yake hauhawa da damina, ya ja baya da bazara. A ƙasar Kano da Zariya, inda dutse mai tauri yake shimfiɗe a ƙasa, ruwan yana zaune ne cikin ruɓaɓɓen dutse da tsagoginsa. Saboda haka sai ka ga rijiyar wani ta kawo ruwa, ta maƙwabcinsa ta ƙi.

Na biyu rufaffe ne, yumɓu ya danne shi sama da ƙasa, ruwan yana cikin matsi. A ƙasar Barno akwai rumbunan ruwa hawa uku: na sama, da na tsakiya, da na can ƙasa wanda zurfinsa ya kai mita 500. A shekarun 1960 an haƙa rijiyoyin burtsatse masu yawa a can, ruwa ya riƙa feshowa da kansa ba da inji ba. Amma an bar da dama daga cikinsu suna zuba dare da rana, har ƙarfin ruwan ya ragu.

Yaya ruwan yake tafiya? A shekarar 1856 wani injiniya mai suna Henry Darcy, a birnin Dijon na ƙasar Faransa, ya cika bututu da yashi ya bi da ruwa ta ciki. Ya gano saurin ruwan ya dogara ga abu biyu: yawan gangara ko matsin da yake tura shi, da kuma irin ƙasar da yake ratsawa. A cikin tsakuwa yana sauri, a cikin yashi mai laushi yana jan jiki. Sau da yawa tafiyarsa ta yini guda ba ta kai mita ɗaya ba.

Wannan nawar tasa ita ce abin lura. Ruwan da muka ɓarnatar a wata guda yana iya ɗaukar shekaru kafin ya komo. Kuma tun da yana ratsa ƙasa, yakan kwashi ƙazantar salga ya kai rijiya, a sha a kamu da kwalara ko zazzaɓin taifot. Ma'aikatan lafiya suna ba da shawara a bar tazarar mita 30 tsakanin salga da rijiya, kuma kada a haƙa salgar a tudun da yake gangarowa wajen rijiyar.

Ina roƙon iyayenmu su auna wannan tazara kafin a sa diga a ƙasa. Mu kuma ɗalibai, idan mun ga famfo yana zuba, mu rufe shi. Rigakafi dai ya fi magani.