TSEREN TAƁO: BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Mu iyaye da malamai mun saba tsawata wa yara idan sun komo gida da taɓo a jiki. To, ga abin mamaki: a Ingila da Amurka manyan mutane, maza da mata, har da likitoci da ma'aikatan banki, sukan biya kuɗi domin su yi birgima cikin laka. Wannan shi ne tseren taɓo, inda ake gudu ana haye shingaye iri iri. Bari mu duba asalinsa, da yadda mai shiga karo na fari yakan shirya har ya kai ƙarshe.

Mafarin abin

A shekarar 1902 dutsen Pele ya yi aman wuta a tsibirin Matinik, ya hallaka kusan mutum 30,000. Wani hafsan sojan ruwa na Faransa, Georges Hébert, yana cikin waɗanda suka yi aikin ceto. Abin da ya gani ya koya masa cewa amfanin ƙarfi shi ne a taimaki wani da shi. Daga baya ya tsara horo na gudu, da tsalle, da rarrafe, da hawa, da ɗaukar kaya, sojojin ƙasarsa kuwa suka ɗauka. Waɗanda suka taɓa zuwa makarantar horon shugabanci ta Dutsen Shere a Jos sun ɗanɗana irin wannan.

A 1987 Billy Wilson ya mai da shi wasan jama'a a wata gona kusa da Wolverhampton a Ingila, ya sa masa suna Tough Guy, ana yinsa cikin tsananin sanyin Janairu. A 2010 wasu Turawan Ingila biyu, Will Dean da Guy Livingstone, suka fara Tough Mudder a jihar Fensilbaniya ta Amurka, mutum fiye da 4,000 suka fito a karon farko. A shekarun da suka biyo baya tsawon hanyar ya kasance mil 10 zuwa 12, shingaye kuwa wajen 20. A shekarar ce kuma Joe De Sena ya kafa Spartan Race, wanda gajeren tserensa kilomita 5 ne. Irin wannan gajeren shi ya fi dacewa da sabon shiga.

Shiri

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda bai saba motsa jiki ba yana bukatar wata biyu zuwa uku. Idan shekaru sun ja, ko akwai ciwon zuciya ko hawan jini, lalle ne a fara ganin likita.

Gudu shi ne tushe. Sau uku a mako ya isa. Da fari a yi sassarfa ta minti ɗaya, a yi tafiya ta minti biyu, a yi ta maimaitawa har rabin sa'a. Kowane mako a ƙara kaɗan. A nemi tudu da ƙasa mai gargada, gama ranar tsere ba kan kwalta za a bi ba.

Amma inda sababbi suka fi faɗuwa shi ne ƙarfin hannu. Akwai bangon katako da ya fi mutum tsayi, akwai igiya, akwai sandunan ƙarfe da ake bi ana reto bisa ramin ruwa, dukansu kuwa taɓo ya sa su santsi. Saboda haka a riƙa kama reshe mai ƙarfi ana reto, a ɗauki bokiti biyu cike da ruwa a yi tafiya da su, a koyi jan ciki a ƙasa. 'Yan'uwanmu mata masu jan guga a rijiya kullum sun riga sun yi rabin wannan horo. A bar ranakun hutu, domin a lokacin hutu ne tsoka take ginuwa. A makon ƙarshe a rage aiki, a sami barci.

Ranar tsere

Rigar auduga takan sha ruwa ta yi nauyi, gara mai saurin bushewa. Takalmi kuwa wanda ƙafa ta saba da shi, a ɗaure igiyarsa tam, in ba haka ba laka za ta cire shi ta haɗiye. Kada a fara da gudun tsiya. Gaba akwai jan ciki ƙarƙashin waya mai ƙaya, da nutsewa cikin ruwan ƙanƙara, a Tough Mudder har da ratsa wayoyi masu ɗan lantarki.

Kada mu ɗauka babu haɗari. A 2012 mutum 22 suka kamu da zawo bayan wani tsere a jihar Nebada, domin sun haɗiyi ruwan taɓo mai kashin dabbobi. A 2013 wani saurayi ya nutse ya mutu a ramin ruwa a wani tsere a Amurka. Don haka a rufe baki cikin laka, a tabbata an yi allurar rigakafin tetanus, a wanke kowane rauni da sabulu. Wanda bai iya iyo ba ya kewaye ruwa mai zurfi. Wannan ba abin kunya ba ne.

Bangon da ba a hawa shi kaɗai

A Tough Mudder akwai wani bango mai lanƙwasa da santsi da ake kira Everest. Mutum yakan sheƙo a guje ya yi tsalle, amma da wuya sabon shiga ya kai bisa sai waɗanda suka riga shi sun kwanta sun miƙo hannu. Da ya hau, shi ma sai ya juya ya kama na bayansa, ko da bai san sunansa ba. Kafin a tashi ma akan yi alkawari cewa taimakon abokin tafiya ya fi saurin isa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wanda ya kai ƙarshe, ladansa ɗan ƙyallen ɗaurin kai ne da riga. Amma ya koma gida da sanin cewa jikin da a wata uku baya ba ya iya gudun minti biyu, yau ya ɗaga wani bisa bango. A filayen makarantunmu ma, igiya, da tsofaffin tayoyi, da gungume sun isa mu koya wa yaranmu wannan darasi.