Inshorar Rai Da Harkokin Ciniki A Gusau Zamanin Turawa

A shekarar 1929 ne layin dogo da ya taso daga Zariya, ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya tuƙe a Ƙauran Namoda. Zuwan jirgi ya sauya Gusau ƙwarai da gaske. Garin da a da noma da fatauci ne abin yinsa ya zama babbar matattarar gyaɗa da auduga a Lardin Sakkwato, baƙi kuma suka yi ta kwararowa daga Kudu da Arewa don neman abinci. Tare da su aka sami sababbin sana'o'i da hidimomi, amma akwai guda ɗaya da ta daɗe ba ta sami gindin zama ba, watau inshorar rai. Dalilan da suka jawo haka sun cancanci ma'aikaci da ɗalibi su dube su, domin har yanzu ba su gushe ba gaba ɗaya.

KANTUNA DA AKAWUNA

Kamar sauran garuruwan da ke kan layin dogo, cinikin Gusau ya rataya ne a wuyan manyan kamfanonin Turawa. Babbansu shi ne United Africa Company, wanda aka kafa a 1929 bayan da aka haɗe Niger Company da wani kamfanin Ingila. Mutanen Arewa suka ci gaba da kiransa Gidan Goldi, kamar yadda suke kiran John Holt da Janhol. Ƙungiyar BCGA, wadda aka kafa a Ingila a 1902 don bunƙasa noman auduga, ita ce ke da gidan gurza. Da kaka ta yi, sai jakuna da raƙuma da motoci su cika bakin kantuna, a ɗora buhu bisa sikeli, akawu ya rubuta, a biya da fam da sule da kwabo. Manomi kuwa yakan juya ya mayar da wani kaso na kuɗin a kantin nan, ya sayi akoko da gishiri da kananzir.

Tsakanin kamfani da manomi akwai 'yan baranda da wakilai masu karɓar kuɗin sari su shiga ƙauyuka. Bayan da aka kafa hukumomin cinikin gyaɗa da na auduga a 1949, sai gwamnati ta riƙa yanke farashi, kamfanoni da manyan attajirai suka zama wakilanta masu lasin saye. Harkar banki kuwa tana hannun bankunan Ingila biyu, Bank of British West Africa na 1894 da Barclays na 1925, waɗanda a yau ake kira First Bank da Union Bank. Ko a garin da suka buɗe reshe, kamfanoni da Baitulmalin En'e ne manyan abokan hulɗarsu. Ƙaramin ma'aikaci gidan waya ya fi sani. A can yake buɗe littafin ajiya, ya aika wa iyayensa kuɗi, ya buga waya in an yi rasuwa. A bakin ƙofa kuma ga masu rubuta wasiƙa suna jiran wanda bai yi boko ba.

YADDA INSHORA TA SHIGO

Inshora ta shigo Nijeriya ne a bayan kayan ciniki. Kamfanin Royal Exchange Assurance ya buɗe ofishinsa a Ikko a 1921, kuma shekaru da dama babu wani mai ƙarfinsa a ƙasar. Sauran kamfanonin inshora na Ingila kan naɗa kamfanonin ciniki su zama wakilansu. Saboda haka a gari irin Gusau, manajan kanti ne kan cike takarda ya aika da ita babban ofis. Abin da aka fi damuwa da shi shi ne gobara a sito, da asarar kaya a jirgin ƙasa ko na ruwa. Dokar diyyar ma'aikata ta 1941, da dokar 1945 wadda ta wajabta wa masu motoci yin inshora saboda mutanen da za su iya bugewa, sun ƙara wa harkar faɗi. Amma ran akawu ko na manomi ba ya cikin lissafin.

Tushen inshorar rai lissafi ne. Misali, idan mutum 1,000 suka zuba fam ɗaya ɗaya a shekara, goma daga cikinsu suka rasu, to, iyalin kowane mamaci za su iya samun abin da ya kusa fam 100 bayan an cire ɗawainiya. Kafin kamfani ya yanke abin da kowa zai biya, dole ya san shekarun mutum, da lafiyarsa, da yawan masu rasuwa cikin tsararsa. A lokacin nan kuwa ba a rajistar haihuwa da mutuwa a yawancin ƙasar, likitoci kuma ba su da yawa. Don haka kamfanoni suka riƙa ɗari-ɗari da baƙar fata, in sun karɓe shi ma sai su ɗora masa ƙarin kuɗi. Ko Turawan da ke aiki a Afirka ta Yamma ana ƙara musu, saboda tsoron zazzaɓi. Sai dai su gwamnati ta yi musu asusun fansho na matan mamata da marayu.

ABIN DA JAMA'A SUKA DOGARA DA SHI

Su ma mutanen gari ba su yi marmarin abin ba. Na farko, kuɗin manomi sau ɗaya yake zuwa a shekara, alhali kuwa inshora tana son biya a kai a kai, wanda ya tsallake kuma yana iya asarar abin da ya zuba. Na biyu, malamai sun ga alamun riba da garari da caca a cikin yarjejeniyar, wasu kuma suna ganin tamkar yin ciniki ne da ajali. Na uku, akwai tsarin da aka gada. Idan magidanci ya rasu, dangi kan ɗauki marayu, alƙali ya raba gado, a fitar da ushira. Mata suna da adashi da gudummawar biki, falke yana da maigida da fatoma, mai hali kuma yakan adana dukiyarsa cikin shanu ko rumbu. A Sabon Gari, ƙungiyoyin 'yan ƙabila na mutanen Kudu kan tara kuɗi duk wata don jana'iza da mayar da iyalin mamaci gida.

Wannan tsari ya yi amfani ƙwarai, amma yana da iyaka. Akawun da aka yi wa canjin wurin aiki nesa da danginsa, wanda ba shi da gona ba shi da garke sai albashi, in ya faɗi ya mutu, iyalinsa kan wayi gari babu gida babu abin sawa a baka. Irin wannan mutum ne inshorar rai ta fi dacewa da shi, kuma shi ne aka fi bari a baya.

BAYAN MULKIN KAI

Sai bayan 1960 al'amura suka fara sauyawa. A 1961 aka yi dokar farko ta kula da kamfanonin inshora, aka kuma kafa asusun tanadin ma'aikata na ƙasa. A 1969 Gwamnatin Tarayya ta kafa kamfanin NICON, a 1997 kuma aka kafa hukumar NAICOM mai sa ido a kan harkar. Game da damuwar malamai, a Sudan aka fara kafa kamfanin inshorar Musulunci a 1979, bisa tsarin taimakon juna da ake kira takaful, inda kuɗin da aka zuba ke zama gudummawa cikin asusun masu zubawa. A Nijeriya hukumar NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013.

Abin da ya fi shafar ma'aikaci shi ne dokar gyaran fansho ta 2004, wadda aka sabunta a 2014. Ta wajabta wa duk mai ɗaukar ma'aikata da ke ƙarƙashin tsarin ya yi musu inshorar rai ta bai-ɗaya, wadda ba za ta gaza ninki uku na albashin shekara ba. Wannan haƙƙi ne da akawun kanti na Gusau bai taɓa samu ba. Sai dai haƙƙin da magada ba su san da shi ba yana iya salwanta. Ya kamata kowane ma'aikaci ya bincika ko jiharsa ko ma'aikatarsa ta shiga tsarin, ko ana biyan kuɗin kowace shekara, ya tabbatar sunayen magadansa suna daidai a fayil, ya kuma sanar da iyalinsa inda takardun suke tun yana da rai da lafiya.