Ka tsinci kwikwiyo? Tsaya ka ji kafin ka kai shi gida

Yau hirarmu a kan kwikwiyo ce. E, ɗan kare.

'Yan uwanmu da ke zaune a Ingila sun san yadda abin yake a can. Mai son kare zai je gidan da ake tara waɗanda aka yasar, a yi masa tambayoyi, a tabbatar zai iya riƙo. Tun 2016 ma doka ta ce sai an sa wa kowane kare 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata. Mu kuwa a Kuki da sauran ƙauyukan Dutsin-Ma da Kurfi, yaro ne zai tsinto shi a bayan gari, ya ɗaura masa igiya, ya ce ya samu na farauta. Shi ke nan fa.

Riƙon ba laifi ba ne. Malamai sun ce ya halatta don farauta, kiwo ko gadin gona. Amma da ka ɗauke shi, ya zama amana a wuyanka.

Abu na farko, rigakafin cutar haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma yara ne da yawansu. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, da wuya ya tashi. Kwikwiyon da ba ka san uwarsa ba, zai iya ɗauke da ita. In ya kai wata 3, kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allura, a riƙa sabuntawa duk shekara. A nan gida ma ana haɗa ta, a cibiyar binciken dabbobi ta Vom, jihar Filato. Ka tambayi maganin tsutsar ciki da na kaska a lokaci guda.

Abinci kuma, ba kowane ragowar kwano ba. Albasa na yi masa illa, dafaffen ƙashin kaza na iya tsaga masa hanji. Ruwa mai tsabta da inuwa dole ne, musamman da bazara.

Horo? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kalma ɗaya ga umarni ɗaya, minti biyar kullum, in ya yi daidai ka ba shi ɗan abin ci. Duka da jifa tsoro suke koya masa, kuma kare mai tsoro shi ke cizo.

In kuwa ya ciji wani, ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a wuce asibiti a ranar. Kada a ce ai ƙarami ne.

In ba za ka iya wannan ba, nemi wanda zai iya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.