Cutar Tarwada da Yawan Magani a Kwamin Kifi

Kiwon kifi ya bunƙasa a duniya, har hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ce a 2022 abin da aka kiwata na halittun ruwa ya zarce abin da masunta suka kamo, karo na farko a tarihi. Najeriya ce kan gaba wajen kiwon tarwada a Afirka. A Kano da Kaduna da Abuja, kwamin siminti da na tamfol sun shiga har bayan gidaje. Sai dai wata ɗabi'a ta biyo bayan wannan ci gaba: da kifi ya fara mutuwa, sai a zuba masa magani ba tare da an san me ke damunsa ba.

Ɗaya daga cikin ƙwayoyin bakteriyar da suka fi addabar tarwada ita ce Aeromonas hydrophila. Alamominta sanannu ne: gyambo a jiki, jan jini a gindin ƙaya, kumburin ciki, sannan kifin ya daina cin abinci ya tsaya a saman ruwa. Wannan ƙwaya dama tana zaune a ruwa, kuma ba ta cika kama lafiyayyen kifi ba. Takan samu dama ne idan kifi ya galabaita.

Me ke galabaita shi? Na farko cunkoso, domin mai kiwo na son riba mai yawa daga ƙaramin wuri. Kashin kifi da ragowar abinci su ruɓe, sinadarin amoniya ya taru, iskar da kifi ke shaƙa ta ragu. Na biyu tsada. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, tayar da janareto don canza ruwa ya zama nauyi, sai a riƙa jinkirtawa. Tsadar abinci kuma ta sa wasu suna ba kifi hanjin kaji, har da mushensu. Na uku sayen 'ya'yan kifi daga inda ba a san lafiyar iyayensu ba.

Magani irin oxytetracycline kan rage mutuwa na ɗan lokaci, amma muddin ruwan bai gyaru ba, cutar za ta dawo. Yawan amfani da shi kuma yakan sa ƙwayoyin su daina jin magani. Kifin da aka sayar kafin maganin ya fita daga jikinsa yakan kai ragowar cikin tukunyar mai saye, ruwan kwamin kuma ya bi kwata ya isa lambu. Wani lokacin ma asarar kuɗi ce zalla: a mace-macen karfasa da aka yi a tafkin Volta na Gana daga 2018, an gano hannun ƙwayar bairas, wadda maganin bakteriya ba ya taɓa ta.

Norwe ta nuna akwai mafita. A 1987 masu kiwon kifin salmon a can sun yi amfani da kusan tan 50 na irin waɗannan magunguna. Allurar rigakafi da tsafta suka rage amfani da su da fiye da kashi 90 cikin ɗari, alhali kiwon ya ninka sau da yawa.

Namu mai kiwon ba shi da wannan gata, amma yana iya rage cunkoso, ya kwashe mataccen kifi nan take, ya ware raga da bokiti ga kowane kwami. Nauyin da ya rage na hukuma ne: cibiyar binciken kifi ta New Bussa da likitocin dabbobi na jihohi su kawo gwajin ruwa da na cuta kusa da masu kiwo, NAFDAC kuma ta tsaurara sa ido kan sayar da waɗannan magunguna.