Illar Maimaita Shuka Iri Ɗaya a Gona: Misali Daga Noman Dawa

1.0 Gabatarwa

A wannan takarda za mu duba abin da kan sami ƙasar noma idan ana shuka mata abu ɗaya kowace damina. Mun ɗauki dawa ta zama misalinmu.

2.0 Gajiyar Ƙasa

Dawa takan zuƙi sinadarin naitirojin da yawa. Bayan girbi kuma akan kwashe kara domin danni da makamashi da abincin dabbobi, saboda haka kaɗan ne ke komawa ƙasa. A da akan bar gona saura ta huta, amma yawan jama'a, musamman a kewayen Kano, ya hana haka.

3.0 Wuta-wuta

Ƙasar da ta gaji ita ce gidan wuta-wuta. Wannan ciyawa takan manne wa saiwar dawa tana shan ruwanta da abincinta tun kafin ta ɓullo waje. Tushe ɗaya kan zubar da dubban ƙwayoyin iri, waɗanda kan jira a ƙasa fiye da shekara 10. Wato duk daminar da aka maimaita dawa, an ƙara mata iri ke nan.

4.0 Kammalawa

A ganinmu mafita ita ce karɓa-karɓar shuka, tare da zuba takin gida. Gyaɗa da waken soya sukan sami naitirojin daga iska. Haka kuma sukan sa irin wuta-wuta ya tsiro, ya rasa saiwar kamawa, ya mutu. Ya kamata mu koya wa ɗalibanmu wannan a gonar makaranta.