Daga Danchuwa zuwa Alfawa: Ƙofar da ke tsakanin fim da rayuwa

Babu motar haya da ke tashi daga Danchuwa, a Ƙaramar Hukumar Potiskum ta Jihar Yobe, zuwa Alfawa. Ba ta cikin taswirar Najeriya, ba ta kuma karɓar kaso daga asusun tarayya. Duk da haka, matashin da ke bin shirin Kwana Casa'in na tashar Arewa24 a wayarsa zai iya ba ka labarin Gwamna Bawa Maikaɗa da muƙarrabansa fiye da yadda zai ba ka na ɗan majalisar da ke wakiltarsa a Abuja. Alfawa ƙirƙira ce, amma masu kallo sun daɗe da tarewa a cikinta.

Masu shirya fim a Amurka sun jima suna wasa da wannan tunani, wato mutum ya tsallaka allo ya faɗa cikin labari. A 1924 Buster Keaton ya fito a Sherlock Jr. a matsayin mai haska fim a silima, wanda barci ya kwashe shi, ya yi mafarkin ya shiga allon; duk lokacin da aka sauya hoto sai ƙasa ta sauya a ƙarƙashin ƙafarsa, yanzu yana lambu, an jima yana bakin dutse. A Last Action Hero na 1993, wani tikitin tsafi ne ya jefa yaro cikin fim ɗin jarumin da Arnold Schwarzenegger ya taka, inda harsashi ba ya kashe jarumi. Da mugun labarin ya fito birnin New York, sai ya gano cewa a duniyar gaske azzalumi kan iya yin ta'asa ya kwana lafiya.

Wanda ya fi taɓa zuciya shi ne The Purple Rose of Cairo na Woody Allen, na 1985. Cecilia, mai aikin gidan abinci a zamanin karayar tattalin arzikin Amurka, ga talauci ga miji mai duka, ba ta da mafaka sai silima. Wata rana jarumin fim ɗin, Tom Baxter, ya dube ta daga allo ya sauko wurinta, daga baya ma ya ja ta ciki. Da aka ce ta zaɓa, ta zaɓi ɗan wasan gaske da ke taka rawar, shi kuwa ya yaudare ta ya koma Hollywood. Ta rasa duka biyun, ta koma kujerarta cikin duhu.

A ƙasar Hausa wannan ƙofa ba ta buƙaci tsafi ba. Tun zamanin Turawan mulki, motocin majigi sun riƙa zagaya garuruwa suna haska sarakuna da gwamnoni da darussan noma da tsafta a fili, mai sharhi yana fassarawa da Hausa. Allo ya fara zuwar wa jama'a ne a matsayin bakin hukuma, ba tatsuniya ba, kuma ana iya cewa wannan sabo bai gushe ba. Da fim ɗin bidiyo ya kankama da Turmin Danya a 1990, mutanen da ke cikinsa maƙwabta ne, da kayanmu da harshenmu da soron gidajenmu. Shi ya sa suna kan bi ɗan wasa har kabari: kaɗan ne suka kira marigayi Rabilu Musa da sunan yanka, Ibro kowa ya sani.

Nan ne abin ya shafi masu riƙe da alƙalamin hukuma, domin abin da aka yi a cikin labari kan biyo mutum gida. A 2008 kotun tafi-da-gidanka a Kano ta tura Ibro gidan yari a shari'ar da ta shafi fim ɗin Ibro Aloko. A 2016 ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda rawar da ta taka a bidiyon waƙar ClassiQ. Ko mutum ya yarda da waɗannan hukunce-hukunce ko bai yarda ba, sun nuna cewa a nan ba a karɓar uzurin "ai wasa ne" cikin sauƙi. Mai kallo yana ganin 'yarsa ce a allon, ba wata baƙuwa ba.

Gwamnatin Tarayya ta ɗanɗana wannan da kanta. A cikin 2016 aka bayyana shirin gina ƙauyen fim a Ƙofa, Ƙaramar Hukumar Bebeji ta Jihar Kano, aikin biliyoyin naira. A takarda, maganar ayyukan yi ce da horar da matasa. Malamai da jama'a da dama kuwa sun kalle shi a matsayin gina wa duniyar fim mazauni na bulo da siminti a tsakiyarsu, wurin da 'ya'yansu za su shiga da ƙafafunsu. Suka ta yi yawa a masallatai da kafofin sada zumunta, cikin ɗan lokaci aka janye shirin. Waɗanda suka tsara shi sun lissafa kuɗi da fili, ba su lissafa yadda mutanen da za su zauna kusa da shi ke kallon allo ba.

Su kuwa marubutan Kwana Casa'in, da suka fara a 2019, sun bi ta wata hanya. Suka sa wa wurin sunan da babu shi, suka zuba masa 'yan bangar siyasa da asibiti mara magani da hadiman gwamna masu raɗa a kunne, suka bar mai kallo a Danchuwa ko Maitama ya laƙaba wa kowane fuskar da ya sani. Sani Mu'azu, wanda ya hau kujerar Bawa Maikaɗa, bai taɓa mulkin wata jiha ba, amma har yau da sunan gwamnan Alfawa mutane da yawa ke kiransa.